IGIYAR JIRGIN INJI DA LADABIN RUWA: DARASI DAGA TARIHIN BIRNIN BENIS

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tafiya a ƙasa da damina, wata mota ta zo a guje ta watsa masa ruwan taɓo, direban ya wuce bai ko waiwayo ba, to ba zai sha wuyar gane abin da za mu tattauna a wannan maƙala ba. A birnin Benis na ƙasar Italiya, inda ruwa ne titi, kwale-kwale kuma shi ne abin hawa, an shekara fiye da 140 ana fama da irin wannan hali. Sai dai a can ba tufafi ake ɓatawa ba. Igiyar ruwan da jirgin inji ke bari a bayansa tana haɗa jiragen da ke ɗaure da bango, tana kuma cin gindin gidaje. Za mu bi tarihin abin daki-daki, mu ga yadda ladabin da a da al'ada ce ke riƙe da shi ya koma sai da doka da tara.

Birnin Da Ke Kan Ruwa

An gina Benis ne a kan ƙananan tsibirai 118 a cikin wani tafki mai haɗe da teku, gadoji kimanin 400 suka haɗa su. Da yake ƙasar wurin laka ce, magina na farko sun riƙa kafa dogayen itatuwa a cikinta, su shimfiɗa katako a kai, su ɗora farin dutse mai ƙarfi wanda ruwan gishiri ba ya ci da sauƙi, sannan su tayar da bangon tubali a samansa. Sun yi wannan gini ne bisa lissafin ruwa mai hawa da sauka a hankali, wanda babu abin da ke motsa shi sai iska da filafili.

Ɗaruruwan shekaru abin hawan birnin shi ne gondola, wani baƙin kwale-kwale siriri mai tsawon mita 11 ko kusa da haka, wanda matuƙinsa ke tsaye a baya yana tuƙi da filafili guda. Waɗannan matuƙa suna da ladabinsu. Idan mutum ya doshi kwanar da ba ya ganin abin da ke bayanta, sai ya ɗaga murya ya sanar da zuwansa, ya kuma faɗi ɓangaren da zai bi. Wanda ya yi wa wani ba daidai ba kuwa, ba shi da wurin gudu, domin tafiyarsu ɗaya ce, kuma gobe ma a mashigi ɗaya za su haɗu.

Zuwan Inji

A shekarar 1881 aka sa jirgin fasinja na farko mai aiki da tururi a babbar hanyar ruwan da ta ratsa tsakiyar birnin. Sunansa Regina Margherita, mutanen gari kuma suka laƙaba wa irinsa suna baforeto. A wannan shekarar matuƙan gondola suka yi yajin aiki, don sun ga abincinsu na neman kuɓucewa. Yajin bai hana komai ba, saboda sabon jirgin ya fi sauri, ya fi araha, talaka kuma ya karɓe shi hannu bibbiyu. Bayan yaƙin duniya na biyu ƙananan jiragen inji suka yawaita: na haya, na dakon kaya, na kwasar shara, da na masu hannu da shuni. Gondola da a zamanin da ake lissafa ta da dubbai, yau kimanin 400 suka rage, su ma baƙi masu yawon buɗe ido suke ɗauka.

A nan ya kamata mai karatu ya san yadda ɓarnar take aukuwa. Jirgi idan yana tafiya yana ture ruwa gefe da gefe, sai igiya ta tashi ta bazu a bayansa kamar bakin almakashi a buɗe. Masanin nan na Birtaniya, Lord Kelvin, ya yi bayanin siffar wannan igiya tun a 1887. A sararin teku takan yi ta tafiya har ta mutu. A lungun ruwa kuwa sai ta bugi bango ta dawo, ta haɗu da ta jirgin da ke biye. Kowane bugu yana zare ɗan abin da ke riƙe da tubali, farfelar inji kuma tana tone lakar da gini ke zaune a kai. Mutanen Benis suna kiran wannan masifa moto ondoso, wato motsin igiya.

Wanda ya fi shan wuya shi ne jirgin da ke tsaye, ko a ɗaure ko ya jefa anga. Mai tafiya yana iya juya goshin jirginsa ya tari igiya. Na tsaye ba shi da wannan dama, a haƙarƙari take samunsa, ta jijjiga shi, ta kayar da mai shiga ko mai sauke kaya. Wani abin lura kuma, rage gudu rabi-da-rabi ba magani ba ne, domin a lokacin da ƙaramin jirgi ya ɗaga goshi ya nutsar da gindi ne igiyarsa ta fi girma. Sai an rage sosai, tun daga nesa. Mu a nan mukan ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma a kan ruwa bakin wani ake ƙonawa: kafin igiya ta isa inda za ta yi ɓarna, mai ita ya yi nisa.

Masu Filafili Sun Tashi Tsaye

A watan Mayu na 1975 wasu 'yan birnin suka shirya wata zanga-zangar lumana da ba a saba ganin irinta ba. Suka kira duk mai jirgin filafili ya fito a yi tafiyar kilomita 30, daga gaban dandalin San Marko zuwa tsibiran Burano da Murano a dawo, ba gasa ba, ba kyautar na ɗaya. Suka sa mata suna Bogalonga, ma'ana doguwar tuƙa. Ɗaruruwan jirage suka fito, abin kuma ya zama bikin shekara-shekara da ake zuwa daga ƙasashe da dama. Saƙonsu guda ne: ruwan na kowa ne, ba na mai inji kaɗai ba.

Hukuma ma ta sa doka. An ƙayyade gudun kilomita 5 a sa'a a ƙananan lunguna, 7 kuma ga yawancin jirage a babbar hanya. Amma kafa doka daban, bin ta daban. Mai jirgin haya yana lissafin yawan sawun da zai yi kafin dare, mai dakon kaya yana da masu jiransa.

Ranar 17 ga Agusta, 2013, a cunkoson da ke kusa da gadar Riyalto, wani baforeto ya matse gondola da jikin matsaya, wani Bajamushe da ya zo yawon buɗe ido da iyalinsa ya rasa ransa. Ranar 2 ga Yuni, 2019, wani ƙaton jirgin yawon shaƙatawa mai suna MSC Opera ya ƙwace wa matuƙansa a mashigin Judeka, ya daki matsaya da wani jirgin fasinja da ke ɗaure a wurin, mutane suka jikkata. A 2020 kuma, da annobar korona ta tsayar da zirga-zirga, laka ta kwanta, ruwan lungunan ya washe har ana hango kifi. Wannan ya nuna wa kowa abin da inji ke yi kullum. Daga 1 ga Agusta, 2021, gwamnatin Italiya ta hana jiragen da suka wuce tan 25,000 bi ta gaban San Marko da mashigin Judeka. Manyan sun kauce, amma igiyar ƙananan tana nan tana bugun bango.

Kammalawa

'Yan'uwa marubuta, abin da muka tsinta a wannan tarihi shi ne, a zamanin filafili kunya ce ke tsare mutum, domin yana ganin fuskar wanda ya cutar. Inji ya raba mai laifi da ganin laifinsa, shi ya sa aka koma ga doka. Hatta dokar hana karon jirage ta duniya ta 1972, abin da ta nema shi ne kowane jirgi ya yi gudun da ya dace da wurin da yake da kuma waɗanda ke kewaye da shi. Wannan kuwa ba ɗan sanda ne zai auna shi ba, matuƙi ne, tun kafin ya iso kan wanda ke tsaye. Magabata sun ce sannu ba ta hana zuwa. Allah ya sa mu zama masu waiwaye, amin.