Dararen da ma'aikatan asibiti ba su runtsa ba a zamanin korona

Duk sanda aka tuno korona a nan Legas, zancen kulle ake yi: yadda aka rufe gari ranar 30 ga Maris 2020, kasuwa ta tsaya, kowa ya zauna gida. Ba kasafai ake tuna waɗanda zaman gidan ma bai samu gare su ba.

Tun 27 ga Fabrairu, da aka tabbatar da cutar a jikin wani ɗan Italiya aka kwantar da shi a asibitin Yaba, likitoci da nas-nas suka shiga aikin dare babu ƙaƙƙautawa. Wanda ya tashi daga aiki ma barcin ba ya zuwa, don fargabar kada ya kwasar wa iyalinsa cutar. Ga shi ba su manta Ebolar 2014 da ta ɗauke Dokta Adadevoh ba.

A ƙasar Sin, inda cutar ta fara, an bincika ma'aikatan lafiya 1,257 a farkon 2020. Kashi 34 cikin ɗari na fama da rashin barci, rabinsu kuma na da alamun ciwon damuwa. Abu biyun suna rura juna: damuwa ta hana barci, rashin barci ya ƙara damuwa, ya kawo saurin fushi da mantuwa, har mutum ya kuskure awon magani.

A nan kuwa, alawus ɗin haɗarinsu naira 5,000 ne a wata kafin annobar. Da likitoci masu neman ƙwarewa suka tafi yajin aiki a watan Yuni kan kayan kariya da alawus, da yawanmu, har da ni, mun ga baƙinsu. Ban ko tambayi kaina awa nawa suka kwanta a makon ba.