Yadda Ake Gane Tsohuwar Kwalba ta Gaske

'Yan uwanmu masu harkar kayan tarihi a Legas da Fatakwal sun san kwalaben nan masu kusurwa huɗu, kore mai duhu, faɗi a kafaɗa, tsukakke a gindi. Yawancinsu na barasa ne da Turawa suka riƙa shigowa da su daga Holan, musamman garin Schiedam, a ƙarni na 19, har aka riƙa ciniki da su kamar kuɗi a yankin Neja Dalta. An yi su da kusurwa ne don su zauna daram a cikin akwati.

Ni idan aka miƙo mini kwalba, gindinta nake fara juyawa. In na ga tabo mai kaushi a tsakiya, inda aka ɓalle sandar ƙarfen da mai hurawa ya riƙe ta, to aikin hannu ne, kuma galibi kafin wajen 1860. Daga nan sai layin haɗi da ke gefe. In ya tsaya a kafaɗa ko wuya, da hannu aka gama bakin. In kuwa ya zarce har saman baki, aikin inji ne, kuma injin Owens sai a 1903 ya fito. Duk wanda ya ce maka irin wannan ta shekara 200 ce, ka gaishe shi kawai ka wuce.

Kumfa a cikin gilashi ba hujja ba ce, masu jabu ma sun iya saka ta. Abin da ke ba su wahala shi ne cinyewar gindi: ta gaske tana cinyewa ne a inda take taɓa ƙasa kaɗai, wadda aka goga da yashi kuwa ko'ina a karce take. Na taɓa sayen wata da aka binne a laka don ta yi tsufa, ina wanke ta sai ga ta fes.

Tambari kamar J.H. Henkes ko A. van Hoboken yana taimakawa, amma kamfanin barasar yake nunawa, ba ya faɗin inda aka tsinto ta. Wannan sai ka tambaya: wane gari, wane rafi, hannun wa ta bi? Ka rubuta amsar ka ajiye tare da kwalbar. In Bature zai fita da ita waje, a fara neman izinin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, don kada a ƙwace a filin jirgi a biyo ka shago.