Ƙirar azurfa a Agadez

Ƙirar azurfa a Agadez sana'a ce ta ƙera kayan ado da hannu daga azurfa da jan ƙarfe, wadda maƙeran Abzinawa ke yi a arewacin Jamhuriyar Nijar. A harshen Tamashek ana kiran waɗannan maƙera Inadan, kuma gado suke yi wa sana'ar. Maza ke aikin ƙarfe, mata kuma na dukanci. A wurin Hausawa irin wannan aiki shi ne ƙirar farfaru.

Kayan aiki

Abzinawa sun fi son azurfa a kan zinariya. A da, maƙera kan narka tsofaffin kuɗaɗen azurfa, musamman tsabar Maria Theresa ta Ostiriya mai ɗauke da shekarar 1780. Zallar azurfa tana da laushi, don haka ake gauraya ta da jan ƙarfe. Wadda ake yi wa lambar 925 kashi 92.5 cikin ɗari azurfa ce. Kayan aikin sun haɗa da maƙera, guduma, awartaki, magagari, gawayi da zugazugin fata.

Yadda ake yi

Maƙeri kan fara siffanta abin da yake so da kakin zuma, ya lulluɓe shi da yumɓu, ya gasa har kakin ya narke ya tsiyaye. Sai ya zuba narkakkiyar azurfa a gurbin da kakin ya bari. Idan ta huce, ya fasa yumɓun, ya goge da magagari. Daga nan ake zanen ado: a karta layuka da tsinin ƙarfe, a buga ɗige-ɗige da da'irori. Duka yana sa ƙarfen ya taurare, shi ya sa ake mayar da shi wuta ya yi laushi kafin a ci gaba, in ba haka ba sai ya tsage. Wasu kayan, kamar gidan laya, akan jera musu jan ƙarfe a kan azurfa don launi ya bambanta.

Kayan da aka fi sani shi ne gicciyen Agadez, ɗaya daga cikin iri 21 da ake dangantawa da garuruwa kamar Tahoua, In Gall da Iferouane.

Halin da ake ciki

Farin shekarun 1970 da 1980 ya kashe dabbobin makiyaya, waɗanda su ne masu sayen kayan. Maƙera da yawa suka koma birane suna sayar wa masu yawon buɗe ido. Tawayen 2007 da rashin tsaro sun rage baƙi ƙwarai, abin da ya sa wasu ke kai hajarsu Yamai da ƙasashen Turai.