Tsakanin magini da mai kula da daji: abin da tarihin Tasawa da Mayayi ke gaya wa ɗiyanmu



Kowace shekara akwai ɗiyanmu da ke gama lisansi, su tsaya tsakanin hanya biyu: masta ta zanen gine-gine, wato aikin arshitekti, ko masta ta tsara muhalli. Ta farko takan kai yaro Lome ta ƙasar Togo, makarantar EAMAU da ta buɗe a 1976, wadda ake shiga ta hanyar konkur. Ta biyu ana iya fara neman ta nan kusa, a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, mai sashen noma da kimiyyar muhalli. Iyaye da yawa sun fi son ta farko, don sunanta ya fi nauyi a bakin mutane. To, kafin a saida bisashe a biya kuɗin karatu, mu waiwayi baya kaɗan.

A watan Janairun 1851 Bature Heinrich Barth ya sauka Tasawa. Abin da ya burge shi, kamar yadda ya rubuta, gidaje ne masu danga da ɗakunan laka da na kara, da itatuwa masu inuwa cikin gida, mutane na harkokinsu cikin walwala. A wancan zamani magini shi ne masanin muhalli. Ya san ramin da ake ɗibar ƙasa mai kyau, ya san inda ruwa ke bi da damina, ya san azarar da gara ba ta ci. Azarar kuwa daga giginya da goruba take, kuma gulbin da ya ratsa ƙasar Mayayi sunansa ma Gulbin Kaba. Ramin da aka gina gari da ƙasarsa shi ke zama tafkin da ke shanye ruwan sama.

Darasi na biyu daga Maraɗi ya zo. A 1945 ambaliyar gulbi ta rushe tsohon garin da ke cikin fadama. Ba ƙwarewar magina ce ta gaza ba, wurin ne ruwa ya karɓe. Dole aka tashi aka hau tudu, Turawan Faransa suka yanka sabon gari da tituna miƙaƙƙu. Gini komai kyansa, in an aza shi a hanyar ruwa, na ruwa ne.

Sai fari ya zo, na 1973 da na 1984, wanda mutanenmu ke kira El Buhari. Itatuwa suka ragu, azara ta yi wuya, mai hali ya koma siminti da tol, ɗakin da ba ya kwantuwa a watan Afrilu. A nan aka ga cewa in daji ya mutu, gini ma sai ya canza kama. Gyaran kuma daga gona ya fito. Tun 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ke aiki a jahar Maraɗi, da manoman karkara suka kama sassaben zamani: a bar kututture ya tofo, a rage rassa, a kiyaye shi. Ƙauyen Ɗan Saga na maƙwabtanmu Agye ya yi suna a kan haka. Masu bincike sun ƙiyasta kimanin eka miliyan 5, irin ekar da Faransa ke kira hekta, da suka sake yin kore a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200.

A ɓangaren magina ma akwai abin koyi. Falke Barmu, maginin laka na Yama a jahar Tawa, ya samu lambar Aga Khan a 1986 saboda masallacin garinsu. Mariam Issoufou kuwa kwamfuta ta fara karanta, daga baya ta yi mastar gine-gine a Amurka, ta dawo ta yi aikin masallaci da ɗakin karatu na Dandaji da bulon ƙasa, aka gama a 2018.

Ke nan me za mu ce wa yaron da ke tsaye tsakanin hanya biyu? Ya duba aikin da zai wuni yana yi. Arshitekti yana zana gida, lakwal ko likita, ya bi ma'aikata har a aza rufi, kuma akasarin masu biyansa suna Yamai da Maraɗi. Mai tsara muhalli aikinsa da magajin gari ne da manoma da ma'aikatan gandun daji: ina za a yanka filaye, ina ruwa zai bi, wane tafki ne ba za a cike ba. Sunansa ba ya fita a jikin bango, amma a ganinmu shi garuruwanmu suka fi rashi yau, don muna da magina, masu cewa "kar a gina nan" ne ba su da yawa.

Wanda zuciyarsa ke ga zane, ya je Lome da albarkarmu, amma ya zauna da tsofaffin magina kafin ya tafi. Wanda ya zaɓi muhalli, ya koyi karanta taswirar gini. Ku kuma iyaye, kar a auna digiri da daɗin suna.

Ku rubuto mana: a unguwarku, wane tafki aka cike aka yi gida a kansa, kuma ina ruwan ke zuwa yanzu? Allah ya ba ɗiyanmu sa'a, ya ba mu damina mai albarka.