Jirgin Sama a Tafin Hannu: Ƙaramin Samfurin DH.9A da Tarihin Hanyar Sama ta Kano da Tamale

1.0 Gabatarwa

A ranar 1 ga Nuwamba, 1925, a zamanin Sarkin Kano Usman ɗan Abdullahi, jiragen sama uku na sojan Ingila suka sauka a Kano, a filin da Turawa ke wasan dawaki a wajen ganuwa. Wannan tafiya ce ta fara kawo jirgin sama Nijeriya. Jiragen duka ƙirar DH.9A ne, wato jirgin yaƙi mai fuka-fuki hawa biyu, ɗaya a bisa ɗaya. Babu ko ɗaya daga cikin ukun da ya rage a yau. Hasali ma, guda ɗaya ne irinsu ya saura, yana gidan tarihin sojan sama a Landan. Saboda haka mai son sanin siffar wannan jirgi, in ba hoto ya samu ba, sai dai ya nemi ƙaramin samfurinsa, irin wanda ake sayarwa gunduwa-gunduwa a cikin kwali, mutum ya zauna ya harhaɗa da gam, ya yi masa fenti.

Wannan takarda za ta bi aikin harhaɗa irin wannan samfuri mataki-mataki. Manufarta ita ce ta nuna cewa kowane sashe da mai haɗawa ya ɗauka yana ɗauke da tambaya ta tarihi, kuma amsoshin suna kai mai bincike daga Alƙahira zuwa Kano, har zuwa Nyohini da ke Tamale a arewacin Gana.

2.0 Ma'auni

Abu na farko da mai haɗawa ke dubawa a bayan kwali shi ne ma'auni. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne 1:72, ma'ana an ƙanƙantar da kowane abu sau 72. Da wannan lissafi inci 1 a samfuri daidai yake da ƙafa 6 a zahiri, wato kimanin tsayin dogon mutum. A Ingila aka fara yayin wannan ma'auni cikin shekarun 1930, da farko da samfuran katako na Skybirds a 1932, daga baya kuma da na roba na FROG Penguin a 1936.

Faɗin DH.9A daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike mita 14 ne, tsawonsa kuma ya ɗan haura mita 9. Idan aka raba da 72, faɗin zai dawo santimita 19 da ɗoriya, tsawon kuma kusan santimita 13. Ga wanda ya fi son babba, akwai ma'aunin 1:32, inda faɗin ke kaiwa kusan santimita 44.

Ƙanƙantar da abin hawa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Bayan girbi yara kan fere ɓawon karan dawa, su yanka totuwarsa, su sossoke su yi motar kara ko jirgin kara. Wasu kuma da langa-langa ko gwangwani suke yin nasu. Bambancin shi ne yaro da ido yake awo, shi kuwa mai haɗa samfuri dole ya bi lissafi, domin idan fiffike ya yi kuskuren milimita 2, a jirgin gaske kuskuren ya kusa santimita 15.

3.0 Itace, Yadi da Waya

Daga nan sai gangar jiki da fuka-fuki. Wanda ya shafa fiffiken samfurin zai ji wasu layuka a jere kamar haƙarƙari. Dalili kuwa shi ne, ƙashin jirgin na katako ne, aka lulluɓe mafi yawansa da yadin lilin, sannan aka shafe shi da wani ruwan fenti mai sa yadi ya ɗame kamar fatar ganga. Abin da ya fi wahalar da mai haɗawa shi ne ɗora fiffiken sama a kan na ƙasa. Sanduna 8 ne ke tsakaninsu, huɗu a kowane gefe, ban da gajerun da ke tsaye a kan gangar jiki, kuma tilas dukansu su miƙe a lokaci guda kafin gam ya bushe. Bayan haka sai a ɗaura siraran zaruruwa a gicciye, a madadin wayoyin ƙarfe.

Wannan wahala tana koyar da dalilin ƙirar. A wancan zamani yin dogon fiffike guda mai ƙarfi kuma mara nauyi abu ne mai wuya. Sai aka yi biyu, aka tokare su da sanduna, aka ɗaure da waya, suka zama kamar akwati ɗaya. Idan waya ta saki, fiffike ya karkace, jirgi ba zai tafi daidai ba. Shi ya sa a rundunar akwai ma'aikata na musamman waɗanda aikinsu shi ne duba katako da yadi da ɗaurin waya. Zafin rana da bushewar iska irin ta Sudan da Barno suna sa katako ya motsa, don haka dubawar ta kullum ce.

Haka kuma mai haɗawa zai lura cewa tayoyin biyu ne kawai, ba su da birki, a wutsiya kuma wani ɗan turke ne ke jan ƙasa. Irin wannan jirgi ba ya buƙatar kwalta. Abin da yake nema shi ne fili shimfiɗaɗɗe wanda aka share, yadda zai sauka yana fuskantar iska. Wannan ne ya sa filin dawaki ya wadatar a Kano.

4.0 Inji da Hanya

Injin DH.9A ƙirar Amurka ne, ana kiran sa Liberty, mai silinda 12 da ƙarfin doki 400, kuma da ruwa ake sanyaya shi. Gudun jirgin bai kai kilomita 200 a awa ba. Wasu kwalayen sukan zo da ƙarin sassa guda uku: lagireto na biyu da ake maƙalawa a ƙarƙashin hanci, da ƙarin tankin mai a ƙarƙashin fiffiken sama, da safaya taya da ake ɗaurewa a jikin jirgi. Waɗannan kaya ne na jiragen da suka yi aiki a ƙasashe masu zafi, inda inji ke saurin tafasa, zango ke da nisa, ƙaya kuma ke fasa taya.

Jiragen uku na runduna ta 47 ne, kuma sun tashi daga Helwan kusa da Alƙahira a ranar 27 ga Oktoba, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Sun bi Kogin Nilu ta Wadi Halfa zuwa Khartoum, sannan suka yi yamma ta El-Obeid da El-Fasher da Abeshe da Fort Lamy, wadda ake kira N'Djamena a yau, da Maiduguri, har Kano. Kwana 6 tafiyar ta ci. Sun koma ta hanyar da suka zo, suka isa Helwan a ranar 19 ga Nuwamba, bayan sun shafe fiye da mil 5,000.

Duk wanda ya san tarihin aikin Hajji zai gane waɗannan zangogi. Ita ce hanyar da mahajjatan ƙasar Hausa suka riƙa bi a ƙasa a da, su yi watanni, wasu ma shekaru, suna noma ko ƙodago a hanya kafin su kai bakin Bahar Maliya. Ita ce kuma hanyar da masu hijira suka bi bayan yaƙin Burmi na 1903, har wasunsu suka kafa Mai Wurno a Sudan. A shekarar nan ta 1903 ne Turawa suka ci Kano, a watan Fabrairu, kuma a Disambarta ne 'yan'uwan nan biyu, su Wright, suka fara tashi da jirgi mai inji a Amurka. Shekara 22 ke nan tsakanin tashin farko da saukar Kano.

A nan akwai abin lura ga ɗalibin harshe. Kalmar jirgi tsohuwa ce, asalinta abin hawa ne na ruwa. Da dogo ya iso Kano a 1911 aka sami jirgin ƙasa, bayan shekara 14 kuma ga jirgin sama. Hausa ba ta ari suna ga ko ɗaya ba, sai ta faɗaɗa wanda take da shi. Fiffike da wutsiya daga tsuntsu aka ɗauko su, matuƙi daga kwalekwale, amma inji da farfela da lagireto aro ne.

5.0 Fenti da Makamai

Idan jiki ya haɗu, sai zaɓin launi. DH.9A ya fara aiki ne a 1918, a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma jiragen wannan lokaci launin ƙasa-ƙasa mai duhu ake yi musu a sama. Bayan yaƙi aka koma fenti mai ruwan azurfa, wanda ke mayar da zafin rana. Wanda ke son jirgin 1925, na azurfar zai zaɓa.

Zaɓi na biyu ya fi nauyi. A cikin kwalin akwai ƙananan bindigogi, ɗaya ta matuƙi mai harbi ta gaba, wata kuma a kan zobe mai juyawa a kujerar baya, sannan ga bama-bamai. Jirgin gaske yana iya ɗaukar bam na kimanin kilo 300. Mai haɗawa yana iya barin su a kwali, amma tarihi bai bar su ba. A farkon 1920, da DH.9, wato yayan wannan jirgi, Ingila ta yi ruwan bam a kan garuruwan Sayyid Muhammad Abdullahi Hassan a ƙasar Somaliya, ta kawo ƙarshen gwagwarmayar da ya shafe kusan shekara 20 yana yi. Daga 1922 aka danƙa tsaron Iraƙi a hannun sojan sama, kuma DH.9A na cikin jiragen da aka riƙa jefa wa ƙauyuka bam da su, har da waɗanda laifinsu ƙin biyan haraji ne. Hujjar masu mulki ita ce jirgi ya fi bataliya arha.

Ba a yi harbi a tafiyar Kano ba. An yi ta ne don gwada hanya da horar da matuƙa. Sai dai kuma ta nuna wa sarakuna da talakawa cewa mai mulki yana iya zuwa daga Masar cikin mako guda, ta inda ganuwa ba ta tarewa.

6.0 Daga Akwatunan Takoradi Zuwa Nyohini

Amfanin hanyar bai fito sosai ba sai daga baya. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Khartoum da Kano, a cikin shekarar aka miƙa ta zuwa Legas, a 1937 kuma ta kai Akra. Da Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu a Yunin 1940, Faransa kuma ta faɗi, sai kai jiragen yaƙi Masar ta Bahar Rum ya zama kasada. A watan Agusta gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya goyi bayan Janar de Gaulle, don haka Fort Lamy ta buɗe.

Dabarar da aka yi ita ce a kwance jirage a Ingila, a zuba su a akwatuna, a kawo su ta ruwa zuwa tashar Takoradi a Gwalkwas, wato Gana ta yau. A can ake buɗe akwati a harhaɗa jirgi sashe-sashe, kamar dai yadda mai samfuri ke yi a kan teburinsa, illa dai wannan da ma'aunin 1:1 ake yi. Ayarin farko ya tashi a Satumbar 1940, ta Legas da Kano da Maiduguri, ya hau hanyar 1925. Zuwa 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi ta nan. Daga 1941, kwamandan rundunar sama da ke karɓar yawancinsu a hamadar Masar da Libiya shi ne Coningham, mutumin da ya jagoranci tafiyar farko.

Yaƙin nan ne ya kawo wa Tamale filin jirgi. A 1940 aka share filin saukar jiragen soja a Nyohini, kimanin mil 2 yamma da gari. Tamale ita ce hedkwatar lardunan arewacin Gwalkwas tun 1907, kuma ba baƙuwar Hausawa ba ce. Fataken goro sun daɗe suna bin hanyar Gwanja zuwa Salaga, kuma bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 suka watsu zuwa wasu garuruwa, aka yi ta kafa zangogi. Bugu da ƙari, Hausa ta daɗe tana zaman harshen bariki a rundunar sojan Gwalkwas. Daga baya an gina sabon fili a arewacin gari, Nyohini kuma ta zama unguwa a cikin Tamale. A 2016 aka fara ɗaukar mahajjata kai tsaye daga sabon filin zuwa Saudiyya, tafiyar 'yan awowi.

7.0 Kammalawa

Idan an gama fenti, an liƙa tambari, wasu masu haɗawa sukan yi wa jirgin ɗan dandamali, su barbaɗa yashi, su tsayar da matuƙi mai tsayin inci 1 a gefe. Nan ne gazawar kwalin ke bayyana. A 1925 dogon Sudan a El-Obeid ya tsaya, na Nijeriya kuma bai kai Maiduguri ba sai a 1964. Ke nan kafin jirgi ya tashi daga Helwan, sai da aka riga aka kai fetur da baƙin mai kowane zango ta ƙasa, aka sare ƙaya, aka tumɓuke kututture, aka baje suri, aka cike ramuka. Mutanen ƙasa ne suka yi wannan aiki, a Darfur da Wadai da Barno da Kano, kamar yadda aka sake yin irinsa a Nyohini bayan shekara 15. An rubuta sunan jagoran matuƙa, har an ba shi lambar yabo. Masu gatari da fartanya kuwa babu su a cikin kwalin.

Wannan giɓi aiki ne da ya dace da ɗalibin Hausa. Takardun mulkin mallaka da ke gidajen adana tarihi na Kaduna da Tamale suna ba da ɓangaren hukuma. Ɗaya ɓangaren yana cikin labaran da tsofaffi suka ji daga iyayensu, da waƙoƙin baka, da sunayen unguwanni da filaye, kuma sai mai jin Hausa ko Dagbanci ne zai iya tattaro shi. Masu ba da irin wannan labari suna raguwa kowace shekara, don haka ya kamata a fara da su kafin a koma ga takardu.