Fatar Layya da Baƙuwar Inna

Shekarar da Babbar Sallah ta zo tare da juyin mulki, wato ƙarshen watan Agusta na 1985, ina ɗan shekara goma a wani ƙauye tsakanin Kabo da Gwarzo. A kangon da ke bayan gidan kakana akwai Buzaye su biyar da suka kusa wata huɗu tare da mu. Fari ne ya koro su daga arewacin Nijar. Sun baro gida da raƙuma da awaki, suka iso mana da jaki ɗaya da butar shayi. Iyaka a rufe take tun Afrilun 1984, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar lokacin sunan Buhari, kuma a watan Afrilun 1985 gwamnati ta sake cewa baƙin da ba su da takarda su fice. Mai unguwarmu bai tambaye su takarda ba. Ya tambayi sunan mai gidan da inda suka fito, ya aika aka shaida wa dagaci, sannan ya dubi kakana ya ce, "Malam, ga amana."

Mijin da babban ɗansu ba su jima ba suka wuce Kano neman gadi. Matar ta zauna da ƙananan yara biyu. Zama nake nufi na gaske. Tun hantsi za ta jingina da bango, ta miƙe ƙafa, ta zuba wa arewa ido har la'asar sakaliya. In an kai tuwo ta tura wa yara, ita ta taɓa loma biyu ta ture. Ba ta tsifa, ba ta shara, Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Matan unguwa suka ce iska ce. Aka kawo rubutu, aka yi hayaƙi, ta sha ta gode ta koma jikin bangonta.

Kakata, wadda muke kira Inna, ita ta ga abin da ya wuce wa kowa: jikin matar ya mutu, amma hannunta bai mutu ba. Akwai wata tsohuwar zabira a wuyanta, kullum yatsunta na bin ɗinkin bakin zabirar kamar mai jan carbi. Ran Sallah kakana ya yi layya da taure, don rago ya fi ƙarfinsa a shekarar. Da aka feɗe, Inna ta hana a kai fatar inda aka saba kaiwa. Ta naɗe ta, ta ɗora mini a ka, ta ce, "Maigidana, wuce mu je." Ta shimfiɗa ta a gaban matar, ta ajiye tsohuwar gafakar Alƙur'anin kakana da ta yage a gefe, ta ce, "Baiwar Allah, ko kin iya?"

Matar ta daɗe tana kallon fatar. Can sai ta juya ta, ta shafa cikinta, ta ja gefe ta gwada ƙarfinta. Ta ɗago kai ta faɗi kalma ɗaya da Hausa: "Bagaruwa."

Ni na zama ɗan aikenta. Na tsinto mata bagaruwa a bakin fadama, na kwaso toka daga murhun Inna, na roƙo karan dafi a maƙwabta. Ta jiƙa fatar a ruwan toka har gashi ya saki, ta kankare, ta wanke, ta daka bagaruwa ta tsoma ta ciki, kullum sai ta ɗaga ta murza ta mayar. Da ta jemu ta shafe ta da man shanu, ta yi ta ja tana lanƙwasawa har ta yi laushi kamar ƙyalle, sannan ta rina ta ja wur. Aikin ya ci mako biyu da wani abu, kuma a cikin makonnin nan ne na ga mutum ya dawo duniya. Aiki yana da buƙata, buƙata kuma tana sa a buɗe baki. Tana son basilla, dole ta shiga gidan da ake da ita. Tana son turmi, dole ta san lokacin da matan gida ke gama daka. Fatar da ke cikin ruwa ba ta jiran mai baƙin ciki, sai an tashi da sassafe an duba ta. Kafin a yanke gero mata sun fara kawo mata fatun awaki, dillaliya na kai mata zabiru da kuben wuƙa kasuwar Getso. Ta iya ƙidayar kuɗi da Hausa kafin ta iya hira. Ran da na tarar ta share tsakar kangon tana yi wa 'yarta kitso, na ruga na gaya wa Inna. Ba ta ce komai ba, sai hamdala.

Shekaru da yawa bayan haka na ba wata 'yar ƙanena, mai aikin jinya a Kano, wannan labari. Ta ce, "Baffa, ai abin da Inna ta yi fanni ne guda a aikin lafiya, har digiri ake yi a kansa." Jinya ce da ake yi ta hanyar aikin yau da kullum. Mai wannan ilimi yakan duba abin da mutum ya saba yi da hannunsa da lokacinsa, wanka da girki da sana'a da zuwa kasuwa, ya ga wanne ne ciwo ko tashin hankali ya raba shi da shi, sannan ya nemi hanyar mayar masa da shi a sabon halin da yake ciki.

Da na bi tarihin fannin sai na tarar tushensa ma a wurin baƙi yake. A 1889 wata Ba'amurkiya, Jane Addams, ta buɗe wani gida mai suna Hull House a unguwar talakawan Chicago, inda mutanen Italiya da Girka da Rasha da suka yi ƙaura ke zaune a cunkushe. Ta lura iyaye mata sun zama abin kunya a idon 'ya'yansu, don ba su jin Turanci kuma ba su san kan birni ba. A 1900 ta ware wuri a gidan inda tsofaffin nan ke zuwa su yi kaɗi da saƙa irin na ƙasashensu a gaban jama'a, yara su ga abin da hannun uwayensu ya iya. Eleanor Clarke Slagle, wadda ta yi karatu a makarantar da ke da alaƙa da wannan gida, tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu wannan jinya a 1917, daidai lokacin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ke dawo da sojoji guragu da masu firgita. Ko a nan gida, Dakta Adeoye Lambo ya fara saukar da masu taɓin hankali a ƙauyukan kewayen Aro ta Abeokuta a 1954, suna zaune cikin mutane suna taɓa aiki. Mazarin tsohuwar Chicago da basillar baƙuwarmu abu ɗaya suka yi.

Sai dai Inna ba daga kanta ta ƙago abin ba. Gado ta tarar. Yammacin Kano bakin iyaka ne a ƙarni na 19. Bayan jihadi, sarakunan Katsina na Haɓe da aka kora sun kafa Maraɗi, daga can kuma suka riƙa kawo hari kudu, shi ya sa garuruwa irin su Ƙaraye da Gwarzo da Getso suka zauna cikin ganuwa da shirin yaƙi. Garin da ke wannan hali mutane yake nema. Daji ga shi nan ba iyaka, abin da ya yi ƙaranci shi ne hannun da zai sare shi da ƙirjin da zai tsare ƙofa. Saboda haka baƙo riba ne. In ya zo a kai shi wurin mai gari, a ba shi masauki, a nuna masa inda zai yi sara ko a ba shi aron gona, a kira shi gayya tun kafin ya san sunayen mutane. In maƙeri ne a nuna masa inda zai kafa uwar maƙera, in masaƙi ne a haɗa shi da masu kaɗi. Tambayar farko bayan "daga ina?" ita ce "me ka iya?"

Wanda ke shakkar inda wannan hanya ke kai mutum ya dubi Agalawa da Tokarawa. Asalinsu daga cikin Buzaye ne, suka gangaro ƙasar Katsina da ƙauyukan Kano suka kama noma, daga noma suka shiga fataucin goro zuwa Gwanja, har harshensu na farko ya ɓace suka zama Hausawa. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, Ba'agale ne. Haka aka ci gaba da karɓar mutanen arewa a yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da farin 1973, da wanda ya kawo mana baƙinmu.

Ba zan ce duk alheri ne ba, don na ga ɗaya fuskar da idona. Mijin matar ya samu gadi a wani gida a Kano. Mutumin da ya san rijiyoyin hamada ɗaya bayan ɗaya, wanda ke duban sawun raƙumi ya faɗi ko na waye, aka ba shi benci da tocila a bakin ƙofa. Ana biyansa, yana aiko da ɗan abin da ya samu. Amma duk zuwan da zai yi sai na ga ya ƙara shiru, rawanin ya ƙara yi masa yawa. An ba shi abin yi, ba a ba shi nasa aikin ba. Kuma mu yara muna bin sa da waƙar tsokana, manya na ji ba sa hanawa. Har yau in na tuna sai na ji nauyi a ƙirjina. Matarsa ta yi sa'a ne sana'arta ta shiga cikin zabira ta biyo ta. Daga baya na fahimci a cikin Buzaye matan maƙera ne aka fi sani da aikin fata. Tasa sana'ar ta mutu tare da garken.

Yanzu baƙin sun canza hanya. Ba daga hamada suke zuwa ba, daga nan kusa ne, ta hanyar Dayi: mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da Batsari da 'yan bindiga suka tasa. Wasu kuwa arewa suka nufa. Tun 2019 dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi, ƙasar da kakanninmu suka gina ganuwa saboda ita, har hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta matsar da wasunsu nesa da iyaka zuwa ƙauyuka irin su Garin Kaka da Chadakori, su zauna tare da 'yan gari, rijiya ɗaya, makaranta ɗaya. Harshe ɗaya ne, addini ɗaya, tuwo ɗaya, amma manomin da ba shi da gona baƙo ne ko a garin kawunsa.

Abin da ke damuna shi ne kayan aikin da Inna ta yi amfani da su sun ƙare mana. Gonar aro ta yi wuya, gado ya yanka filaye har wani kason bai fi shimfiɗar tabarma goma ba. Audugar da ta riƙe yankin nan da Malumfashi da Funtuwa ta ja baya, kaɗi ya tafi da tsofaffinsa, roba da leda sun kashe kasuwar salka da burgami, inji ya karɓe surfe da niƙa da mace baƙuwa kan fara da su. Namiji in ya yi sa'a ya samu ƙwadago a noman rani a bakin madatsun Guzuguzu ko Magaga. Mace kuwa sau da yawa sai bara. Na taɓa halartar wani taron koyar da sana'a da aka shirya wa irin waɗannan mutane. Kwana uku aka yi ana koya wa kowa haɗa sabulun ruwa, da tsohon da ya shekara arba'in yana kiwon shanu, da ungozoma, da mai ƙira. Aka raba takardar shaida, aka ɗauki hoto. Niyyar masu abin mai kyau ce, na yarda. Amma ban ji an tambayi ko mutum ɗaya abin da hannunsa ya saba ba, kuma a layin baya akwai wata dattijuwa da na ga tana murza bakin mayafinta tsakanin yatsa biyu, irin murzar mai kaɗi, tun daga buɗe taro har addu'ar tashi.

Baƙinmu sun tafi a damina ta 1986, bayan an buɗe iyaka kuma labari ya zo cewa ruwa ya sauka a arewa. Mijin ya zo ya kwashe su. Da kuɗin fata matar ta sayi awaki biyu a Getso, ta sa ɗanta ya ja su. Da za su tashi ta shigo ta durƙusa a gaban Inna ta yi sallama da Hausa cikakkiya, har da "a yafe mini", Inna ta ce, "Ba ki yi mana komai ba, 'yar nan, Allah ya kai ku lafiya." Ba mu sake jin labarinsu ba.

Gafakar tana nan a wurin yayana, da Alƙur'anin kakana a ciki. Jan ya koma ruwan ƙasa, igiyar ratayawa an canza ta sau biyu. Ɗinkin bakinta ko zare ɗaya bai saki ba.