Cutar jini ta robar jijiya a yara

Cutar jini ta robar jijiya cuta ce da ke kama mara lafiya idan ƙwayoyin cuta suka bi robar da aka saka masa a jijiya suka shiga jininsa. Tana cikin cututtukan da ake ɗauka a asibiti, wato ba da ita aka kawo yaro ba. Ta fi yin illa ga jarirai, musamman bakwaini, da yara masu tamowa, da waɗanda ke kwance a sashen kulawa ta musamman, saboda garkuwar jikinsu ba ta da ƙarfi. Ana iya kauce wa mafi yawanta ta hanyar tsafta wajen saka robar, da kula da ita kullum, da cire ta da zarar amfaninta ya ƙare.

Ire-iren robar jijiya

Wadda aka fi sani ita ce gajera, wadda ake kira kanula. Ana saka ta a bayan hannu ko a ƙafa, wani lokaci a jijiyar kai idan jariri ne, don ƙarin ruwa ko ƙarin jini ko allurar jijiya. Ta biyu doguwa ce, ana zura ta ta wuya ko ƙasan ƙashin wuya ko matsematsi har bakinta ya kai babbar jijiya kusa da zuciya. Ta uku ita ce ta cibiya, wadda ake saka wa sabon haihuwa. Doguwar ta fi haɗari saboda tana daɗewa a jiki, amma kanula ta fi yawa nesa ba kusa ba.

Yadda cutar ke shiga

Ƙwayoyin cuta na iya bin bayan robar daga fatar yaro, ko su shiga ta cikinta daga bakin da ake ɗura magani idan an taɓa shi da hannu mara tsafta. Wani lokaci ruwan da ake ƙarawa ne ya gurɓace. Idan suka samu shiga sai su manne a jikin robar su yi wa kansu wani yauƙi da ke kare su daga magani, shi ya sa sau da yawa yaro ba ya warkewa sai an cire ta. Waɗanda aka fi samu sun haɗa da dangin Staphylococcus, da Klebsiella, da Enterococcus, da kuma Candida.

Alamomi

Alamomin sun haɗa da zazzaɓi, rawar ɗari, kumburi ko ja ko ruwan ƙurji a wurin robar. Jariri kuma yana iya zama ba zazzaɓi: jikinsa ya yi sanyi, ya ƙi nono, ya yi laushi, ko numfashinsa ya riƙa ɗaukewa. Ana tabbatar da cutar ne da gwajin renon ƙwayoyin cuta daga jini, kuma an fi so a ɗebi jinin kafin a fara maganin kashe su. A inda zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, yana da sauƙi a ɗauka shi ne ya dawo, a manta da duba robar.

Tarihi

A shekarar 1929 likitan nan na Jamus, Werner Forssmann, ya zura roba ta jijiyar hannunsa har cikin zuciyarsa. A 1953 Sven-Ivar Seldinger na ƙasar Suwidin ya fito da dabarar zura roba ta kan siririyar waya, wadda ake amfani da ita har yau.

A 2006 Peter Pronovost da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon aikin da suka yi a sassan kulawa ta musamman 103 a jihar Mishigan ta Amurka. Matakai biyar suka bi: wanke hannu, cikakkiyar shiga ta tsafta, goge fata da sinadarin kuloheksidin, guje wa jijiyar matsematsi, da cire robar da ba a buƙata. Cutar ta ragu da kusan kashi 66 cikin 100. A 2010 wani bincike a sassan yara 29 a Amurka ya samu raguwar kashi 43 cikin 100, ya kuma nuna cewa a wajen yara kulawar yau da kullum ce ta fi tasiri a kan matakan ranar sakawa. A watan Mayu na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na farko a kan kanula da makamantanta.

Rigakafi lokacin sakawa

Ma'aikaci zai wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 40 zuwa 60, ko ya murza sinadarin tsaftace hannu na daƙiƙa 20 zuwa 30. Safar hannu ba ta maye gurbin wanke hannu. Ana goge fatar da kuloheksidin ko aidin ko sifirit, a jira ta bushe, kuma ba a sake taɓa wurin da yatsa don lalubo jijiya. Ana taka-tsantsan da kuloheksidin a jariran da ba su kai wata biyu ba, domin yana iya ƙona fatarsu. Idan doguwar roba ce, mai sakawa zai sa hula da takunkumi da riga da safar hannu marasa ƙwayar cuta, a kuma lulluɓe yaron da ƙyalle mai tsafta.

Kulawar yau da kullum

Kafin kowace allura ana goge bakin robar da sifirit a bar shi ya bushe. A doguwar roba ana sauya bandejin auduga duk kwana 2, filasta mai nuna fata kuma duk kwana 7, ko nan take idan ta jiƙe ko ta ɗaye ko ta yi datti. Igiyar da aka yi ƙarin jini da ita ba ta wuce awa 24. Kanular yaro ba a sauya ta bisa lissafin kwanaki, sai idan ta toshe ko wurin ya nuna alamar ciwo. Robar cibiya ta jijiyar da ke fito da jini daga zuciya ba a so ta wuce kwana 5, ta wadda ke mayar da jini kuma kwana 14. Kowace safiya likita da nas za su duba ko har yanzu akwai buƙatar robar. Idan yaro ya fara iya shan magani ta baki, a cire.

A Dutsin-Ma da Kurfi

A ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi na jihar Katsina, kanula ce robar da yara suka fi haɗuwa da ita. Aikin doguwar roba ya fi shafar manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke birnin Katsina, inda ake tura waɗanda ciwonsu ya tsananta. A Katsinar ne kuma Asibitin Mata da Yara na Turai 'Yar'adua yake.

Buƙatar kanula tana ƙaruwa da damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, da gudawa, da tamowa ke cika ɗakunan yara. Allurar atesunet ta jijiya ana yin ta sau uku a awa 24 na farko, masu cutar sikila da masu ƙarancin jini kuma kan buƙaci ƙarin jini. Zafi da gumi na saurin ɗaye filasta. Yaron da aka taso da shi daga Dutsin-Ma ko Kurfi zuwa Katsina da kanula a hannu yana buƙatar a rubuta ranar da aka saka ta, a kuma duba ta da isarsa.

Da yake uwa ko kaka ce ke kwana da yaro a gefen gado, ita ce takan fara ganin canji. Ana shawartar masu jinya su wanke hannu kafin su taɓa yaro, su kare wurin daga ruwa lokacin wanka, kada su shafa masa mai ko maganin gargajiya, kada kuma su mayar da igiyar ƙarin ruwa da kansu idan ta fita. Idan suka ga kumburi, ko yaro na kuka duk lokacin da aka ɗura magani, su sanar da nas. Kafin sallama a tabbatar an cire kanular, kada a tafi da ita gida.

Duba kuma

Zazzaɓin cizon sauro
Tamowa
Cutar sikila
Wanke hannu